Ɗan Maraƙin Inna da Motar Kansila

Ba a daɗe da komawar sojoji bariki ba, farar hula suna ta murnar sabon mulki, ni kuwa ina koyarwa a wata firamare a Ɗankaza. Zamana a Sabon Gari ne cikin Wudil, ciki da falo na haya, ni da matata da yaranmu biyu. Da safe in hau keke in tafi, bayan azahar in dawo in ci abinci in kishingiɗa a tabarma. Takardar koyarwa ta Giredi Tu ce da ni, kuma ban taɓa kawowa a raina zan sake zama a benci wani yana koya mini ba.

Ran nan hedimasta ya dawo daga taro, ya tara mu a gindin darbejiyar makaranta, ya ce an gaya musu nan gaba duk malamin da ba shi da NCE to ya fara neman wata sana'ar. Wasu suka yi dariya, suka ce an daɗe ana ruwa ƙasa tana shanyewa. Ni ban yi dariya ba, domin ban da alli ban iya riƙe komai ba. Ko fartanya na riƙe, kafin hantsi tafin hannuna ya yi bororo.

Barin aiki in koma makaranta ɗungurungum ba zai yiwu ba, wa zan bar wa iyali? Sai na nemi karatun ƙarshen mako a wata kwaleji a Kano, wanda kowa ke kira fat-tayim: Litinin zuwa Juma'a kana malami, Asabar da Lahadi kana ɗalibi. Aka ɗauke ni. Rajistar farko na biya ta da ɗan abin da nake tarawa don sayen babur, na ɗauka shi ke nan. Ashe somin-taɓi ne. Ga kuɗin mota zuwa Kano da dawowa, ga takardun darasi da malamai ke bugawa su sayar mana, waɗanda muke kira handawut, ga abin da mutum zai sa a cikinsa da rana. Kafin wata ya raba, albashi ya zama labari. Matata ta rage nama a miya ba ta gaya mini ba, laluben da nake yi a kwano ne ya gaya mini.

A gidan da ke jikin namu akwai wata mata da duk unguwa ke kira Madam. Kirista ce daga kudancin Kaduna. Mijinta ɗan sanda ne, kullum ana canza masa wurin aiki, ita kuma ta gaji da naɗe tabarma, sai ta samu aikin buga takardu a jami'ar da aka buɗe mana a Wudil, ta zauna da yaranta. Ita da bakinta take cewa tana jin Hausa kamar jakin Kano, kuma ba ta yi ƙarya ba, don idan ta fara jero karin magana sai ka nemi wurin zama. Tana karatun difloma a kwalejin da nake zuwa. Darasin Turanci ana haɗa mu ne gaba ɗaya, 'yan NCE da 'yan difloma, a wani babban zaure, don haka muka zama 'yan aji ɗaya. Ran Lahadi sai ta je coci tukuna ta biyo baya, ni in rubuta mata abin da ya wuce ta. In na fita sallar azahar ita kuma ta rubuta mini.

Wata rana da yamma na ji a rediyo ana sanarwar tallafin karatu ga ɗaliban manyan makarantu. Ko takalmi ban sa daidai ba na je na yi sallama a ƙofar Madam.

Ta ce, "Na ji, Malam. Ni dai na san ba na ciki, tunda ba 'yar jihar nan ba ce. Amma kai ka je wurin kansila ka tambaya. Zan raka ka ma, don na san halinka, in ka ga manya sai gaisuwa ta cinye maka magana."

Kansilan mazaɓarmu kafin siyasa taki da iri yake sayarwa a kasuwa. Mutum ne mai jiki, mai fara'a, in yana dariya har tumbinsa rawa yake. Muka same shi a zaurensa bayan la'asar.

Na durƙusa na ce, "Onarabul, barka da hutawa."

"Barka kadai, Malam. Ya gida? Ya iyali? Ya 'yan makaranta? Ya muka ji da ruwa?"

"Ruwa ya yi gyara, ranka ya daɗe. Ya jama'a? Ya haƙuri da mu?"

Muka zagaya muka dawo, muka sake zagayawa, har na fara tambayarsa lafiyar kawunsa na Indabo. Madam ta yi gyaran murya, ta ga ban da niyyar ji, sai ta karɓe zancen ta faɗi abin da ya kawo mu tiryan-tiryan.

Kansila ya cire hula ya sosa kai. "Malam, wallahi na riga ku tambaya. Abin da aka gaya mini, tallafin nan na masu zuwa aji Litinin zuwa Juma'a ne. Ku 'yan fat-tayim wai ma'aikata ne, kuna da albashi."

Madam ta ce, "Onarabul, albashin da ko gishiri ba ya kaiwa ƙarshen wata?"

Ya yi dariya, ya aika aka kawo mana lemo mai sanyi. Daga nan ya shiga yi mana tambayoyi kan kwalejin. Da wane lokaci ake shiga aji? Akwai manya kamar mu da yawa ko duk yara ne? Malaman suna tayar da mutum ya yi karatu a gaban jama'a? Muka ba shi amsa, muna jin daɗi wai ga shugaba mai kula da talakawa. Ya rako mu har bakin hanya, ya ce za a duba.

Bayan 'yan kwanaki na je Indabo gaishe da Inna, mahaifiyata. Tun rasuwar mahaifinmu ita ke riƙe da gonarta, gyaɗa da wake, da 'yan awakinta. Ni ne ɗanta na fari, don haka ba ta taɓa faɗin sunana ba, kuma ba ta cika kallona kai tsaye ba. Amma ran nan ta ɗan saci kallona ta ce, "Kai kuwa yunwa ake yi a birnin naku? Dubi wuya kamar mariƙin lema."

Na ba ta labari duka, har da na rediyo da na kansila.

"To su gwamnatin me suke ba wa masu karatun?"

"Kuɗi ne, Inna. Sikolashif ake ce masa."

"Kai kuma an hana ka saboda kana da aiki."

"Haka ne."

"Wato da zaman banza kake da an ba ka ke nan." Ta yi dariya har da tafa hannu. Sai ta miƙe ta ce in biyo ta.

A bayan rumbu akwai wani ɗan maraƙi ja a ɗaure, ƙafafu zaƙo-zaƙo, haƙarƙari a waje. Da kuɗin gyaɗarta ta saye shi, ba ta gaya wa kowa ba.

Ta ce, "Ga naka sikon nan. Ka kai shi gida ka turke, ka ba shi ya ci. In ya yi ƙiba ka sayar ka biya makaranta, abin da ya ragu ka sayo wani ƙarami. Kada ka kuskura ka cinye uwar kuɗi."

"Inna, gidan haya nake fa."

"Gidan hayar ba ƙasa a cikinsa?"

Na kwance igiyar. Haka na taho daga Indabo, hannu ɗaya riƙe da keke, hannu ɗaya riƙe da igiya, maraƙi yana tirjewa a duk inda ya ga ɗanyar ciyawa. Duk wanda muka haɗu da shi sai ya ce, "Malam, an bar boko an koma Fulani ke nan?" Da na shiga gida matata ta fito daga madafa, ta dube ni, ta dubi maraƙin, ta ce, "Malam, gaisuwa ka je ka dawo mana da baƙo." Mai gidan hayar da na ji tsoron zai kore mu bai yi faɗa ba, sharaɗi ɗaya ya kafa: takin nasa ne.

Da aka koma sabon zango, sababbin ɗalibai suka shigo, zauren Turanci ya cika maƙil. Muna zaune ana darasi sai Madam ta miƙo mini magana ƙasa-ƙasa: "Malam, waiga a hankali. Bencin ƙarshe, jikin bango."

Na waiga. Wani mutum ne mai jiki cikin babbar riga, ya jawo hula har kan gira, ya sa baƙin tabarau, ya sunkuyar da kai cikin littafi. Ko da bargo ya lulluɓa zan gane tumbin nan.

Malamar Turancin wata matashiya ce mai tsanani, ba ta san wani Onarabul ba. Kamar an turo ta, ta nuna shi da alli. "Mai babbar riga, can baya. Cire tabarau, tashi ka karanta mana sakin layi na gaba."

Kansila ya miƙe. Ya fara karantawa yana cijewa a kowace kalma kamar keke a cikin yashi, gumi yana bin fuskarsa. Wasu samari a gaba suka fara ƙyalƙyala dariya. Madam ta juya ta zare musu ido ta ce, "Ku da kuka iya, me kuke yi a nan?" Suka haɗiye dariyarsu. Ya kai ƙarshen sakin layin da kyar, malama ta ce ya yi ƙoƙari, ya zauna.

Da aka tashi ya tare mu a bakin famfo, ya ja mu gefe.

"Malam, Madam, don Allah ku rufa mini asiri."

Ya ce tun da ya bar sakandare bai sake buɗe littafin boko ba. Yanzu in an zauna a majalisa sai a kawo takardu da Turanci, sakatare yana karantawa shi yana gyaɗa kai. "Wallahi ina gyaɗa kai ban san abin da nake gyaɗa wa ba. Wata rana sai in sayar da mazaɓata ban sani ba." Shi ya sa ya yi rajistar difloma a ɓoye. Motarsa ma a wani gidan mai can nesa ya ajiye ta ya tako a ƙasa.

Madam ta ce, "Ashe tambayoyin nan na ran nan ba don mu kake yi ba. To Onarabul, yanzu kai ma ba ka cikin masu samun tallafi ke nan."

Ya fashe da dariya har hular ta faɗi ƙasa.

Ta ce, "Asiri za mu rufa. Amma na ji an ce motarka tana da kujeru."

Daga ran nan ban sake biyan kuɗin mota zuwa Kano ba. Tsohuwar mota ce mai dogon baya, wadda dā yake ɗaukar buhunan taki da ita, warin takin ma bai gama fita ba. Mukan haɗu a kusa da gada da sassafe, ya sayo ƙosai mai zafi a takarda, mu kama hanya. Asirin kuwa bai yi tsawon rai ba, domin wasu 'yan fat-tayim na Wudil suka gan mu suka roƙi a rage musu hanya, shi kuma bai iya cewa a'a ba. Kafin a jima har masu shayi sun san kansila ya koma makaranta. Da ya ga ba wanda ya raina shi, wasu ma yabonsa suke, sai ya ajiye tabarau, ya riƙa jera littattafansa a gaban mota inda kowa zai gani.

A cikin motar nan muka yi rabin karatunmu. Madam ta riƙe handawut tana jefa tambaya, mu muna amsawa, kansila yana tuƙi yana maimaita kalmomi da ƙarfi. In mota ta mutu, wanda takan yi sau da yawa wajen Mariri, sai maza mu fita mu tura, Madam tana ciki tana ci gaba da tambaya ta taga. Ran Lahadi kuma kansila ya ce ba za a bar ta a baya ba. Sai ya kai motar ƙofar cocinsu ya tsaya, ya jingina da ita cikin babbar rigarsa har a tashi. Wani ya taɓa tambayarsa, "Onarabul, lafiya a nan?" Ya ce, "Lafiya lau. 'Yar ajinmu nake jira."

A gida kuma maraƙi ya samu gata. Matata ce ta ɗauki ɗawainiyarsa. Tana da wani tsohon kwanon sha da take zuba masa ƙasari, ruwan wankin hatsi, in ta ƙwanƙwasa kwanon ko barci yake sai ya miƙe. Madam tana yin kunun zaƙi tana sayarwa a wurin aikinta, duk dusar da ta fita tamu ce. Iyayen yaran da nake koyarwa a Ɗankaza da suka ji labari, sai in fito daga aji in tarar an ɗaure mini damin harawa a bayan keke, ban san wanda zan yi wa godiya ba. Kansila ya aiko da buhun angurya. Yarana suna ba shi kanwa a tafin hannu suna ihu in ya lashe su. Haƙarƙari ya ɓace, tozo ya fito, maraƙi ya zama sa.

Sau ɗaya muka ɓata da shi. Ana gab da jarrabawa na baje takarduna a tabarma a tsakar gida, aka kira la'asar na fita masallaci. Ina dawowa na tarar ya miƙo wuya iyakar igiyarsa yana tauna handawut ɗina na ilimin halayyar yara, ido a lumshe, rabin shafi yana reto a bakinsa. Na ɗaga murya ina salati. Matata tana bakin murhu ta riƙe ciki don dariya.

Ta ce, "Haba Malam, ai shi zai biya. Bar shi ya ɗanɗana abin da zai saya."

Dole na ari na wani ɗan ajinmu na kwafe da hannu. Darasin da na fi cin maki ke nan a shekarar.

Da shekara ta zagayo aka liƙa sanarwar biyan kuɗin makaranta, aka sa wa'adi gajere. Na ce Juma'a mai zuwa zan kai san Kara, kasuwar shanun garinmu.

Madam ta ce, "Kada ka soma. Ka jira Kirsimeti ta matso, lokacin da fataken kudu ke zuwa suna cika tireloli. Ni na san mutanena, ba sa biki ba nama."

"Wa'adin fa?"

Kansila ya ce a bar masa wannan. Lokacin 'yan fat-tayim sun riga sun zaɓe shi wakilinsu, suna cewa tunda ya saba. Ya shirya jawabi da Turanci, ya yi ta maimaita mana shi a mota har muka haddace. Ran Asabar ya ja mu zuwa ofishin mai karɓar kuɗin kwalejin, ya tsaya ya gyara riga ya fara. Turancin nan ya yi ta tuntuɓe, amma bai faɗi ba. Ya ce mu ma'aikata ne masu iyali, wasunmu albashi suke jira, wasu amfanin gona, ɗaya kuma sa yake jira ya ƙara ƙiba. Mutumin ya yi murmushi, ya amsa masa da Hausa, ya ce an ƙara wa duk 'yan fat-tayim lokaci har ƙarshen shekara.

Ranar da za a kai sa kasuwa hedimasta ya ba ni izini. Na kwance igiya, na ja shi zuwa zaure, sai ga matsala: ƙofar da ya shigo ta cikinta yana maraƙi ta yi masa kaɗan. Sai da aka kira kafinta ya ɓalle ƙyauren da katakon gefe, mai gida yana tsaye yana cewa a yi a hankali da bangonsa.

Tun da san nan ya shiga gidan bai sake ganin titi ba. Muna fitowa babbar hanya wata tirela ta danna ham. Ban san lokacin da igiya ta zare daga hannuna ba, na dai ji tafin hannuna yana zogi, na ga ƙeyar sa ta yi gaba. Na bi shi da gudu, takalmi ɗaya ya fita ban tsaya ba. Mutane suna darewa, masu tallan rake suna janye kayansu, ni ina ihu, "A tare! Kuɗin makaranta ne!" Ya gangara ta gefen gada ya faɗa kogi, ya shiga har ruwa ya kai masa ciki, sannan ya tsaya ya juyo yana kallona kamar bai taɓa ganina ba.

Masunta da masu ɗiban yashi suka taru. Wani ya shiga ya ja igiya, sa ya ƙi motsi. Wani ya ce a murɗe masa wutsiya, aka murɗe, ya ƙara matsawa ciki. Ina tsaye a bakin ruwa, ƙafa ɗaya ba takalmi, ina tunanin da wane baki zan gaya wa Inna. Can sai na ji ƙwan-ƙwan-ƙwan a bayana. Matata ce, labari ya iske ta a gida, ta zura hijabi ta taho da kwanon ƙasari tana ƙwanƙwasa shi da ludayi. Sa ya ɗaga kunne. Ya fito daga ruwa a hankali, ya bi ta kamar ɗan akuya. Masunta suka yi ta shewa. Ta tako da shi har bakin titi, ta miƙa mini kwanon ta ce, "Ungo, ka riƙa bugawa. Ni ba zan iya ganin an ɗora shi a mota ba." Ta juya da sauri tana goge ido da gefen hijabi.

Haka na shiga Kara ina kaɗa kwano, sa yana bina, jikinsa yana sheƙi saboda wankan da ya sha. Dillalin da ya tare ni ya zagaya shi ya shafa tozon ya ce, "Malam, wa ya ba ka dabarar wanke shi?" Na ce sirrin sana'a ne. Maganar Madam ta tabbata, fataken kudu sun cika kasuwa. Aka yi ta tayi, dillali yana cewa albarka, yana taka mini ƙafa don kada in yi saurin sallamawa. Da aka kai inda ban yi zato ba ya dube ni, na ce na sallama. Na ba shi la'adarsa, kuma kafin in bar kasuwar na sayi wani ɗan maraƙi fari mai ɗigon baƙi.

Na biya kuɗin makaranta, na gyara wa mai gida ƙofarsa, na sayi takalmi. Sannan na tafi Indabo da goro da turmin atamfa. Inna ta juya atamfar ta ce, "Wannan daga uwar kuɗin ka cire?" Na rantse mata daga riba ne. Ta ce in daina almubazzaranci, amma a sallar da ta biyo baya ita ta ɗaura.

Haka muka yi ta yi kowace shekara. Ba kullum aka samu yadda ake so ba. Akwai shekarar da san ya yi ciwo ya rame gab da lokacin sayarwa, sai da muka koma laluben nama a miya na wani lokaci. Amma ban taɓa rasa zango ko ɗaya ba.

Kansila kuwa ya kai maganar 'yan fat-tayim gaban majalisarsu, takardar ma shi ya rubuta ta da hannunsa ya karanta da bakinsa. Ya ce in ba za a ba mu kuɗi ba, a ba mu mota, kuma ya nace a ce duk mazaunin Wudil, ɗan jiha ne ko ba ɗan jiha ba. Aka ce masa za a duba. Ya ce da ya ji kalmar nan daga bakin wani sai ya ji ashe ba ta da daɗi. Wa'adinsa ya ƙare, bai koma kujerar ba, ya koma shagonsa na taki, amma bai fasa zuwa aji ba, bai kuma fasa ɗaukarmu ba har ya gama diflomarsa. Sai da muka shiga zangonmu na ƙarshe sannan aka kawo bas, sabuwa fil, tana kai 'yan fat-tayim Kano Asabar da Lahadi kyauta. Mun ɗan hau ta. Ba ta mutuwa a Mariri, amma ba ƙosai a cikinta.

Ranar da na karɓo takardar NCE na dawo gida na shimfiɗa ta a kan gado ina kallo. Matata ta shigo ta ɗauka ta duba gaba da baya, ta yi mini barka, sannan ta zauna a bakin gadon.

Ta ce, "To Malam, ka sauka lafiya. Saura ni in hau."

Na ce, "Ki hau ina?"

"Bas ɗin mana. Ka manta na gama sakandare kafin a kawo ni gidan nan? Na riga na yi magana da Madam, ta ce ana ɗaukar sababbi. Na gaya wa Inna ma, ta ce in ka hana in faɗa mata."

An riga an gama da ni ta ko'ina, sai na ce Allah ya ba da sa'a.

Asabar ɗinta ta farko ta fita da sassafe da jakarta, ta bar ni da yara, lokacin sun zama uku. Na ce abin da zai gagare ni a gidan nan ban gan shi ba. Da yamma na hura wuta, na ɗora tukunya, ruwa ya tafasa na juye garin tuwo gaba ɗaya na shiga tuƙi. Abin da ya fito ban san sunansa ba, gudaji ne manya-manya suna iyo a cikin wani abu mai kama da koko. Yara suka leƙa kwano, suka dubi juna, suka sulale ɗaya bayan ɗaya zuwa gidan Madam.

Gab da magariba matata ta dawo, fuskarta fal murna, tana ba ni labarin malamar Turanci da yadda ta tayar da ita karatu ba ta cije ko sau ɗaya ba. Ta buɗe kwanon tuwon ta leƙa. Ta sa hannu ta ɗan gutsura ta kai baki, ta tauna, ta haɗiye da kyar.

Ta ce, "Sannu da ƙoƙari, Malam. Amma talge ake fara yi. Ka dama gari kaɗan da ruwan sanyi ka zuba, in ya dahu sannan ka tuƙa da sauran. Gobe ma ina da aji."

Washegari na yi talge. Gudajin ya ragu, bai dai ƙare ba, amma yaran sun zauna sun ci, ƙaramin har ya nemi ƙari.